Likita, wa zai biya ka ranar da hannu ya gaji?

Yau maganarmu da likitoci ce, har da likitocin haƙori, musamman na nan Zariya: masu aiki a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, masu duba ɗalibai da ma'aikata a Samaru, da masu asibitin kansu a Sabon Gari.

Mutane suna ganin likita ai ya gama da talauci. To, aikin likita aikin ido ne da hannu. Ranar da hannu ya fara rawa, kuɗin tiyata da na cire haƙori sun tsaya ke nan. Me ya rage? Abin da aka tara.

Bari mu fara da ma'aikacin gwamnatin tarayya. Tun 2004 aka koma tsarin fansho na karo-karo, aka sabunta dokar a 2014. Ana cire kashi 8 cikin ɗari daga albashinka, wurin aikinka ya ƙara kashi 10, a zuba a asusu mai sunanka, hukumar PenCom na sa ido. Misali, in albashin da ake lissafi a kai naira 300,000 ne, naira 54,000 ke shiga duk wata. Amma fa ku lura: kuɗin da kake samu da yamma a asibiti mai zaman kansa, ko sisi ba ya shiga asusun nan. Gidanka ya saba da kuɗi biyu, fansho kuwa ɗaya ya sani. Nan gizo ke saƙar.

Mafita ita ce ƙarin zubi na ganin dama. Doka ta ba ka dama ka ce wa ofishin albashi a riƙa cire maka ƙari duk wata.

Sai mai asibitin kansa a Sabon Gari. Kai babu mai zuba maka kashi 10. A 2019 aka buɗe tsarin fansho na masu sana'ar kansu, ka je kamfanin fansho ka yi rajista, ka riƙa zubawa gwargwadon hali. Wani zai ce asibitina shi ne fanshona. Ranka ya daɗe, marasa lafiya sunanka suke bi, ba gini ba. In ka bar kujera, da yawansu za su sauya wuri.

Mai gudun riba kuma, tun 2021 akwai Asusu na 6 wanda ba ruwansa da kuɗin ruwa, ana juya shi a irin su sukuk. Kana iya neman a mayar da kai can. In kamfaninka bai gamsar da kai ba, kana da damar sauya shi sau ɗaya a shekara.

Kuma kada a dogara da fansho kaɗai. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari, don haka a haɗa da gona ko gidan haya.

Aikin wannan makon: ka nemi bayanin asusunka, ka duba ko kuɗin kowane wata ya shiga, ka tabbatar sunan magajin da ke takardarka daidai ne. Da sanyin safiya ake kama fara.

Ku tura wa likitan gidanku. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya sa mu gama lafiya.