BASHI HANJI NE, AMMA NAWA YA KUSA KASHE MINI AURE

Yau dai ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, asirin kaina na zo tonawa, don an ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. To mu da ba mu da gemu, sai mu shafa wa kitso.

An ɗaura mini aure a ƙarshen shekarar 2022, na tare a wani ɗan madaidaicin gidan haya a cikin Kano. Maigidana yaron shago ne a Kantin Kwari, mutum mai rufin asiri, kullum kafin ya fita zai ajiye mini naira 2,500 ta cefane. Ni kuma ina koyarwa a wata makarantar firamare ta kuɗi, ana ba ni naira 35,000 a wata. Ba mu da yawa, amma wallahi ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Abin da ya ci ni shi ne son a ce. Ina son a ce amarya ta iya ado, a ce ba ta maimaita kaya a gidan biki, a ce gudummawarta ta fi ta kowa kauri.

A shekarar 2023 kaɗai ƙawayena shida suka yi aure, kowacce da ankon kamu da na yini, wata har da na dina. Akwai wata dillaliya da ke shigo mana gida da atamfofi da lesuka da kuloli, bakinta kamar zuma. Da ta ga ina juya turmi sai ta ce, "Ɗauki mana amarya, ai ke ta gida ce, kya biya a hankali." Ni kuwa sai in ɗauka. A daidai wannan lokaci ne aka cire tallafin man fetur, ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Kuɗin a-daidaita-sahu ya tashi, kayan masarufi suka bi sahu, kuɗin cefane ya daina kai mu dare. Maimakon in rage buri, sai na buɗe littafi a wurin mai kantin unguwarmu.

Daga nan fa sai rance ya zama rigata. In ranci na wannan in toshe bakin wancan. Na shiga adashi na roƙi uwar adashi ta ba ni kwasar farko, kuɗin suka narke a bikin wata ƙawata. Da dillaliya ta matsa mini lamba, sai wata abokiyar aiki ta nuna mini wata manhajar ba da rance a waya. Cikin minti goma naira 40,000 suka shigo asusuna, da sharaɗin in biya 52,000 bayan kwana 30. Ban tsaya na yi lissafin cewa kashi 30 cikin ɗari ke nan a wata guda ba, ban kuma damu da cewa kuɗin ruwa ne, abin da tun muna Islamiyya aka hane mu da shi. Da za ta buɗe ta nemi izinin shiga lambobin da ke wayata, na danna na amince ko karantawa ban yi ba.

RANAR DA ASIRI YA TONU

Wata ya cika ban biya ba, kullum kuma ana ɗora mini tara. Suka yi ta kira ina kashe waya. Wata Asabar a watan Janairun 2024, ina tsakar gida ina wanke-wanke, sai ga maigida ya dawo da rana tsaka, abin da bai saba ba. Fuskar nan tasa babu annuri. Ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Karanta." Saƙo ne da sunana da hotona, wai ni mai cin bashi ce da ta gudu da kuɗin mutane. Sun tura masa, sun tura wa shugabar makarantarmu, sun tura wa Hajiya mahaifiyarsa. Innalillahi! Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Nawa ake bin ki gaba ɗaya?" Na buɗe baki na rasa amsa, don wallahi tallahi ni kaina ban sani ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Matar da ba ta san abin da ake bin ta ba, ta yaya zan ba ta amanar gidana? Ki je gida ki huta kwana biyu." Kun dai san ma'anar wannan hutu.

Ban iya tunkarar Inna da wannan magana ba, sai na zarce gidan Gwaggona, ƙanwar Baba, wadda ta fi shekara 30 tana sayar da zannuwa a cikin gida. Ta bar ni na yi kukana ya ishe ni, sannan ta jawo wani tsohon littafin rubutu na jikanta da biro ta ajiye a gabana. Ta ce, "'Yar nan, hawaye ba ya biyan bashi. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ke wace ce da za ki riƙe naki a ka? Rubuta, kada ki ɓoye ko sisi."

Na rubuta hannuna yana rawa. Dillaliya 85,000. Manhajar waya ta kai 61,000. Sauran zubin adashi na wata huɗu 40,000. Mai kanti 32,000. Wata ƙawata 25,000. Tela 12,000. Sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, 9,000. Da na haɗa sai ga naira 264,000, albashina na fiye da wata bakwai ko ruwan leda ban saya ba. Abin mamaki, duk da girman kuɗin sai na ji zuciyata ta ɗan yi sanyi, domin dodon da kike gani da ido bai kai na cikin duhu ban tsoro ba.

DARASIN GWAGGO

Gwaggo ta ce abu uku za mu yi. Na farko, daga yau an rufe ƙofar sabon rance, ko na maggi ne. Na biyu, a jera basussukan. Wanda yake haihuwa kullum, wato na waya, shi za a fara kashewa ko da za a sayar da kaya. Bayansa sai na masu ƙaramin ƙarfi, tsohuwa mai ƙuli-ƙuli da tela, domin kuɗin da na riƙe musu shi ne jarinsu, kuma ƙananan basussuka in suka fita daga littafi suna ƙara wa mutum ƙwarin gwiwa. Na uku, in taka da ƙafata in je wurin kowa in faɗa masa gaskiya. Ta ce, "Ni mai ba da bashi ce, na san ciwon. Ba jinkirin biya ne ya fi ƙona mana rai ba, ɓuya da kashe waya ne."

Kashegari ta yafa mayafinta ta rako ni ɗakina da littafin a hannu. Maigida ya duba shi layi-layi, ya ce, "Gwaggo, da tun farko haka ta yi, da ba a kai ga nan ba." Ya amince duk abin da na iya ragewa daga kuɗin cefane, muddin ba a taɓa cikinmu ba, ya tafi ga biyan bashi. Ku lura da wannan 'yan uwa, kuɗin cefane amana ne, tsimi a cikinsa da sanin maigida ake yi.

Na fito da turame uku da ban ɗinka ba da wani saitin kuloli da ko ledarsu ban cire ba, muka sayar 48,000, ƙasa da yadda na saye su. Maigida ya cika 13,000, muka biya na waya, na goge manhajar. Daga baya ne na ji cewa tun 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta fara kai samame ofisoshin irin waɗannan masu rance a Legas saboda tozarta mutane da suke yi, kuma ana iya kai mata ƙara. Saura 203,000.

INA KUƊIN SUKE ZURAREWA?

Mako guda cur na yi ina rubuta duk abin da ya fita daga hannuna, har naira 50 ta alewar yaran maƙwabta. Abin da na gani ya ba ni kunya. Data kaɗai tana cin kusan 10,000 a wata, duk a kallon TikTok da finafinai masu dogon zango. Ga lemon kwalba da awara da tsire na marmari. Ga sayen komai ƙulli-ƙulli, omo da sukari da manja, wanda in kika haɗa na mako sai ki ga ya fi na mudu ko na kwalba tsada nesa ba kusa ba. Ga ragowar tuwo da nake zubarwa don wai amarya ba ta cin ɗumame.

Sai na raba kuɗin gida a ambulan huɗu: abinci, makamashi, kuɗin mota, da na ko-ta-kwana. Na roƙi maigida ya riƙa ba ni na mako a dunƙule. Data na yanke mata 3,000 a wata, in ta ƙare ta ƙare. Ni da maƙwabtana biyu muka riƙa haɗa kuɗi, mijin ɗaya ya sayo mana masara da wake a Dawanau mu raba da kwano. Lokacin sanyi da tumatir ke araha, muka sayo kwando a 'Yankaba, na yanka na shanya kauɗa. Ai kuwa da tumatir ya yi tsadar tsiya wajen Mayu da Yunin 2024, miyata ba ta sauya ba. Na koma ga kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa, na koyi jiƙa wake tun dare don ya yi saurin nuna, da rufe tukunya, da dafa abin rana da na dare a hura wuta ɗaya. Zoɓo da kunun aya na gida suka maye gurbin lemon kwalba. Ɗumame kuwa, da ɗan man shanu da yaji, maigida cewa ya yi ashe da can cutarsa nake yi. Makaranta kuma na riƙa taka rabin hanya da ƙafa.

Da haka na riƙa fitar da 20,000 daga albashi, da wajen 9,000 daga tsimin gida, 29,000 ke nan a wata. Ranar da albashi ya shigo, a ranar nake rabawa, don kuɗin da ya kwana a hannu ya riga ya sami mai shi.

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Shekarar 2024 ta gasa kowa, buhun shinkafa ya haura 70,000, hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari. A watan azumi ban iya rage ko kwabo daga cefane ba. Ƙaramar Sallar Afrilu ta zo na sa tsohon leshina na lefe, ina jin wata tana raɗa wa wata a gidan surukai. Na shiga banɗaki na share hawaye na fito na ci gaba da gaisawa. A watan Yuli zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni, amma ambulan ɗin ko-ta-kwana ya sayi magani, ban ranci na kowa ba.

Mafi wuya shi ne anko. Aminiyata ta kawo nata na 18,000, na riƙe hannunta na ce, "Ƙawata, bashi nake biya, ba zan iya ba. Amma zan zo tun asuba in kama miki aiki." Ta ɗan yi fushi, daga baya ta huce, ni na tuƙa tuwon bikin. Wasu ƙawayen sun janye jiki, na gane ashe da ma zanina suke ƙawance da shi.

Lissafi ya ce wata bakwai, amma sai da na yi tara. A ƙarshen Oktoban 2024 na kai wa dillaliya cikon kuɗinta. Tana ƙirgawa tana cewa, "Ga wani sabon yayi fa ya shigo." Na yi dariya na ce, "Hajiya, in na tara zan zo da kuɗina a hannu." A daren na miƙa wa maigida littafin, duk layukan an soke su da jan biro. Ya rufe ya ce, "Allah Ya yi miki albarka." Mako na zagayowa ya ba ni ajiyar kuɗin hayar gida. Wallahi ko ranar da aka kawo lefena ban ji daɗin da na ji a ranar ba.

GARE KU ƘANNENA

Ke 'yar makaranta, kada ki ce wannan zancen matan aure ne. Daga rancen katin waya ake farawa, ki ranci 100 a ba ki 85, a cire 100 cif in kin sa kati. Daga nan sai bashin mai awara a bakin makaranta, sai ankon bikin kammala karatu, sai karɓar abin hannun saurayi, wanda shi ma bashi ne, kuma wani ba da kuɗi yake so a biya shi ba. Ki samu ɗan littafi tun yanzu ki riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Ki yi asusu ko na gwangwani ne. In kika ga abu ya burge ki, ki kwana uku kafin ki saya, sau da yawa za ki ga sha'awar ta tafi.

Ke kuma da kike cikin irin halin da na shiga, kina jin ƙarar waya gabanki yana faɗuwa, yau ɗin nan ki ɗauki biro ki rubuta duka. Ki nemi babba mai hankali a danginki ki faɗa masa, kafin wani ya faɗa a madadinki. Daidai ruwa daidai tsaki, kuma sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya biya wa duk mai bashi bashinsa, Ya ba 'yan matanmu mazaje nagari masu haƙuri. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum, 'yar uwarku daga Kano.