Dariyar Auren Manya Ba Daga Ingila Ta Zo Mana Ba

Akwai wata magana da ake yawan ji a majalisun dattawan Tasawa da Mayayi duk lokacin da matasa suka yi wasan kwaikwayo a kan aure. Sai a ce wannan ɗabi'ar Turawa ce da lakwal ta kawo, domin Bahaushe na asali ba ya yi wa manya dariya, ba ya kuma maida aure abin wasa. Masu faɗin haka mutanen kirki ne. Sun ga yadda kunya ke raguwa, suna tsoron kada girman iyaye ya zube, kuma tsoron nan yana da dalili. Amma tarihi bai goyi bayan hukuncin da suka yanke ba.

Mu fara da wasan Turawan da kansa. A ranar 14 ga Fabrairu 1895 aka fara nuna The Importance of Being Earnest na Oscar Wilde a gidan wasan St James's da ke Landan. A cikinsa wata hamshaƙiya, Lady Bracknell, ta zaunar da Jack, mai neman ɗiyarta, ta ɗauko littafi da fensir tana yi masa tambayoyi: shekarunsa nawa, nawa yake samu, yana da gida a birni? Kusan komai ya yi mata daidai har aka zo kan asali. Da ta ji cewa tsintar sa aka yi yana jariri cikin jaka a tashar jirgin ƙasa ta Victoria, nan take ta rufe ƙofa. Daga baya wannan matar dai ta ƙi wata yarinya, Cecily, da ɗan ƴar'uwarta ke so, har sai da ta ji yarinyar na da gadon fam 130,000. A take ta fara ganin kyanta.

Ina roƙon mai karatu ya duba da kyau: me aka yi wa dariya a nan? Kwaɗayi ne da ya sa rigar mutunci. Auren kuwa ba a rushe shi ba, hasali ma da shirin aure wasan ya ƙare. Kuma waɗanda suka cika gidan wasan suna tafi, akasarinsu masu hali ne irin waɗanda ake zolaya. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa neman aure a ƙasar Maraɗi, ya ga yadda zancen asali ke yin laushi idan aka ji ƙarar mota a ƙofar gida, ya san Lady Bracknell tun kafin ya ji sunanta.

Batun cewa baƙon abu ne shi ya fi ba ni mamaki. Tashen da yara ke farawa daga goma ga watan azumi, wace lakwal ce ta koya musu? A wasan Mairama da Daudu, ƴan mata ne ke kwaikwayon zaman miji da mata a tsakar gida, iyaye na kallo suna ba da hatsi. A Kano, tashen gwauro kan bi mazan da ba su da mata. Ƴan kama sun daɗe suna ɗaukar salon wa'azin malamai su juya shi kan tuwo da miya. A wasan gauta, matan fada ne ke kwaikwayon sarki da fadawansa, a Damagaram kuma wasan kara ya saba kwaikwayon masu mulki. Al'ummar da ta ware wa irin wannan lokaci da fili ba ta jira Landan ba.

Da rubutu da rediyo suka zo, a kan wannan tushe aka ɗora. Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Jatau Na Kyallu a kan attajirin da aure ya kai shi ya baro. A nan Nijar, zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya sun riƙa gasar wasan kwaikwayo da Hausa, su Yazi Dogo kuma suka sa gidaje dariya ta rediyo da talabijin.

Inda nake tare da dattawanmu shi ne nan: akwai masu ɗaukar bidiyo a waya suna batsa, ko su nuna wani takamaiman mutum har kowa a unguwa ya gane shi. Wannan cin mutunci ne, a tsawata musu. Wasan Mairama da Daudu bai yi haka ba. Daudu da Mairama ba ƴaƴan gidan kowa ba ne, shi ya sa uban da ya tsawwala kayan aure har manemi ya sayar da gonarsa zai iya zama cikin ƴan kallo, ya yi dariya tare da kowa, ya koma gida ya sake lissafi ba tare da an ambaci sunansa ba.