"Lafiya lau" ba ta isa ba: yadda ake auna maganar mai shanyewar jiki

Mai karatu, in shanyewar ɓarin jiki ta sami wani naka, kada ka dubi hannu da ƙafa kaɗai. Ka saurari bakinsa. Kusan mutum 1 cikin 3 da ciwon nan ya kama yakan sami matsalar magana. Ga yawancin mutane, ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke riƙe da magana, shi ne kuma ke motsa damar jiki. Shi ya sa wanda damarsa ta shanye ya fi rasa kalmomi.

Gaisuwa tana ruɗin mutane. Ka ce "Ina kwana?" ya ce "Lafiya lau." Yana iya ƙirga 1 zuwa 10, ko ya kawo addu'ar da ya haddace tun yarinta, amma ya kāsa cewa yana jin ƙishirwa. Abin da baki ya saba yakan fito da kansa.

Don haka a asibiti ba mu tsayawa ga gaisuwa. Mukan sa shi hira da harshen da yake yi a gida, ko Hausa, ko Zabarmanci, ko Fulatanci. Mukan ce wa manomi ya faɗi yadda ake noman hatsi, daga shuka har rumbu. Uwargida kuma ta faɗi yadda ake dama fura. Muna sauraron abu 4:

1. Yana samun sunan abu, ko sai "abin nan, abin nan"?
2. Yana jera zance daki-daki, ko yana haɗa farko da ƙarshe?
3. Amsarsa ta dace da tambaya?
4. Kalmomin daidai ne, harshe ne kawai ya yi nauyi?

Amsoshin nan su ke nuna irin taimakon da ya dace da shi.

Kai ma kana da aiki. Ka rako shi, ka gaya mana yadda yake magana kafin ciwon, ko kuma yana da nauyin ji. Kada ka amsa a madadinsa. A gida, ka yi tambaya ɗaya, ka jira. Kada ka ɗaga murya, kada ka mai da shi yaro. Wannan ba hauka ba ne, ba kuma aikin iskoki ba.

An fi samun sauƙi cikin watannin farko, kada a ɓata su. In kuwa magana ta rikice farat ɗaya, ko baki ya karkace, ku kawo shi nan take, ko da tsakar dare ne.