Minti Uku a Hasumiyar Jidda

Ga kacici-kacici, mai karatu. Jirgin sama ya tashi, matuƙi ya kira hasumiya yana neman komawa, jami'in hasumiya kuwa ya ɗauka da wani jirgi dabam yake magana. Jim kaɗan jirgin ya faɗi, ba wanda ya tsira. An miƙa maka takardar bincike mai gurabe-gurabe: kuskuren hasumiya, kuskuren matuƙi, kuskuren makanike, kuskuren kamfani. Wane gurbi za ka cike?

Ba ƙagaggen labari ba ne. Dattawan da suka sauke farali a shekarun can suna tuna ranar Alhamis, 11 ga Yulin 1991. Jirgi ƙirar DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda Nigeria Airways ta yi haya, ya bar filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda da safe zai kai alhazai Sakkwato. Mutum 261 ne a ciki: fasinjoji 247, ma'aikata 14. Allah ya jiƙansu. To, wa za mu fara tuhuma?

Jami'in hasumiya mana! Ya zaci muryar ta wani jirgin Saudiyya ce, ya yi ta ba da umarni inda bai dace ba, har kusan minti uku. Minti uku a sama ba wasa ba ne. Na tabbata alƙalaminka ya kusa sauka a gurbin farko. Dakata. Me ya rikita shi?

Kyaftin ɗin ne ya kira kansa da sunan Nationair, alhali hasumiya ta san jirgin da sunan Najeriya. Ashe matuƙi ne! Sai dai masu bincike sun auna mintunan nan uku, suka ce ko babu ruɗanin, ƙarshen ba zai sake ba.

Wannan ne ke hana ni amincewa da gurabun nan ido rufe. A 2010 an wallafa wani nazari daga Ostareliya, inda aka ba jami'an hasumiyar soja rahotanni iri ɗaya su rarraba kurakuran da ke ciki, kuma amsoshinsu suka sha bamban ƙwarai. Ƙwararru ke nan. Kuskuren da na'ura ta naɗa shi ne mai saurin shiga ido, don ana iya sake saurarensa. Wanda ba a naɗa ba fa?

Mu sauko ƙasa. Mu duba titin tashi. Ga gutsattsarin roba. Ga sawun ƙarfe a kan kwalta.

Taya ce.

Tayoyi biyu ba su da isasshiyar iska, kuma an san da haka kwanaki kafin tafiyar. An ma gyara alƙaluman da ke takardar awo don su nuna komai lafiya. A safiyar ranar, babban makanike ya nemi iskar nitrojin da ake hura wa tayar jirgi, ba a samu nan take ba, shi kuwa manajan aikin jigilar bai yarda a ƙara jinkiri ba. Da jirgi ya fara gudu, nauyi ya koma kan tayar da ke maƙwabtaka da ɗaya daga cikin masu ƙarancin iskar, ta fashe, ɗayar ta bi ta. Ƙarfen ƙafa ya riƙa gurzar titi har wuta ta kama. Matuƙa ba su san da wutar ba, domin babu na'urar gargaɗi a ramin da tayoyi ke shiga. Suka naɗe ƙafafun jirgi kamar kullum, suka shigar da gobara cikin cikinsa. Ta cinye wayoyi da bututun mai, ta ci daɓen da alhazai ke zaune a kai. Kafin kalma ta farko ta isa hasumiya, wutar ta riga ta yi nisa. Jirgin ya faɗi saura ƙasa da kilomita 3 ya isa titin sauka.

Yanzu koma kan takardarka. Jami'in hasumiya ya yi kuskure, gaskiya ne, kyaftin ma haka, amma ba nasu ne ya kashe kowa ba. Ni dai hannuna ya fi karkata ga gurbin kamfani, wurin wanda ya ga agogo ya fi taya muhimmanci. Wani mai binciken zai ce makaniken da ya taɓa alƙaluma ne, kuma yana da hujjarsa. Kamfanin Nationair kansa ya durƙushe a 1993.