Ruwan Sama Ya Sauya: Daga Gonarka Zuwa Kwatar Nima

Ɗan'uwa mai karatu, kai ma shaida ne cewa damina ta daina cika alkawari. Wata shekara ruwa ya makara, shuka ta ƙone. Wata shekara ya zubo gaba ɗaya, ya tafi da gona. Wannan shi ne sauyin yanayi. Hayaƙin fetur, gas da kwal da ake ƙonawa a duniya yana taruwa a sama yana riƙe zafin rana. Iska mai zafi kuwa tana ɗaukar ruwa da yawa, in ta sauke shi sai ambaliya. Rabon Afirka a wannan hayaƙi bai wuce kashi 4 cikin 100 ba, amma wahalar ta iso ƙofarmu.

In gona ta gaza, matasa sukan nufi birni. Mai yiwuwa ɗanka ko 'yarka na Accra yanzu, a Madina, Nima ko Maamobi, ana dako ko talla. To, can ma ruwan bai bar su ba. Tsakanin Nima da Maamobi akwai babbar kwata mai kai ruwa kogin Odaw. In leda da shara suka toshe ta, ruwan ƙazanta yakan shiga ɗakuna.

A 2014 kwalara ta kama mutum fiye da 28,000 a Ghana, mafi yawa a Accra, sama da 240 suka rasu. Ranar 3 ga Yuni 2015 ambaliya ta cika birnin, gidan mai da ke Kwame Nkrumah Circle ya kama da wuta, kimanin mutum 150 suka mutu, da yawansu masu fakewa ruwa ne.

Me shugabanni suka yi? A 2015 ƙasashe sun yi yarjejeniya a Paris za su rage hayaƙi. Amurka ta fita a 2020, ta dawo a 2021, a Janairun 2025 Shugaba Trump ya sake sa hannu a kan ficewa. A Ghana, Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 a 2019 don gyaran hanyoyin ruwan Odaw da unguwanni irin Nima. Da korona ta zo, aka karkatar da miliyan 65 zuwa yaƙi da ita, aikin ya yi ta tafiyar hawainiya. Ruwa kuwa ba ya jiran ɗan siyasa.

Don haka, ka kiyaye waɗannan, ka kuma faɗa wa naka da ke Zango:

Bayan ambaliya, a tafasa ruwan sha, a wanke hannu da sabulu.

In an fara amai da gudawa, a haɗa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. A riƙa ba mara lafiya, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Kowa ya kwana cikin gidan sauro, musamman yara da masu juna biyu.

Kada a zuba shara a kwata.

In mai neman ƙuri'a ya zo, ku haɗa kai da sarkin zango ko mai gari ku tambaye shi: yaushe za a yashe kwata, yaushe za a kawo ruwan famfo? Ku riƙe amsarsa, ku tuna masa kafin damina ta faɗi.