In Mota Tana Kuka Daga Baya

Ran kasuwa mu kan shiga a-kori-kura da buhunanmu. In mota ta bar kwalta ta hau gargada, sau da yawa mu kan ji wani kuka daga baya, ƙii-ƙii, ƙii-ƙii, kamar ƙyauren da ya daɗe bai ga mai ba. In wani dattijo ya yi magana, sai direba ya ce, "Baba, ai halinta ne." Mu kuwa sai mu yi shiru, don muna tsammani sha'anin mota ba namu ba ne.

To, namu ne. Mu ne a ciki, da matanmu, da 'ya'yanmu, da amfanin gonarmu na shekara guda. Waɗansu cikinmu 'ya'yansu yaran mota ne. Waɗansu kuma sun haɗa kuɗi sun sayi motar haya. Saboda haka ya kamata mu san abin da kukan nan ya ke nufi. Wani kukan ba shi da haɗari. Wani kuwa gargaɗi ne. A darasin nan za mu koyi yadda a ke rarrabe su.

Abin da ke ƙarƙashin mota

Mu tsuguna a gefen a-kori-kura, kusa da tayar baya, mu leƙa. Abubuwa huɗu za mu lura da su.

Na fari, aksul. Shi ne ƙaton ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya guda biyu.

Na biyu, sifirin. Fallayen ƙarfe ne dogaye, an ɗora wani bisa wani, na sama ya fi tsawo, na ƙasa suna raguwa. Kusa guda ta ratsa tsakiyarsu ta haɗa su. Waɗansu ƙarafa biyu masu lanƙwasa sun ɗaure sifirin a jikin aksul, da noti a bakinsu. Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota da kayanta. In taya ta faɗa rami, shi ke tanƙwarawa ya komo, don kada jijjigar ta iso gare mu duka. Irin wannan sifirin ne a bayan Toyota Hilux, da bas ƙirar Hiace, da manyan motocin kaya. Shi ne kuma a bayan a-kori-kura ƙirar Peugeot 504, irin waɗanda a ka riƙa haɗawa a Kaduna, inda masana'antar Peugeot ta fara aiki a shekarar 1975. Ƙananan motoci da yawa kuwa sifirin nasu naɗaɗɗen ƙarfe ne, kamar an naɗa igiya a jikin sanda an zare sandan.

Na uku, shakazoba. Bututu ne rufaffe, da mai a cikinsa. Sifirin in ya tanƙwara ya komo, ba ya tsayawa nan da nan, sai ya yi ta lilo. Shakazoba ita ke kashe lilon nan, ta sa taya ta zauna a ƙasa.

Na huɗu, bushin. Zoben roba ne mai kauri. A kan sa shi a duk inda ƙarfe zai motsa a jikin ƙarfe, watau a idon sifirin na gaba da na baya, da kan shakazoba sama da ƙasa. Aikinsa kamar na gammo ne tsakanin kai da tulu.

Akwai abu guda kuma. Sifirin in ya miƙe da nauyi, tsawonsa ya kan ƙaru. Don haka ba a kafe ƙarshensa na baya ba. An rataye shi ne a wani gajeren ƙarfe mai lilo, wanda shi ma ya ke da bushin.

Me ke kawo kukan?

Kuka ba ya fitowa sai abu biyu suna gugar juna ba mai a tsakani. Mun san wannan daga amalanke da keke. A bayan mota dalilan da su ka fi yawa su ne waɗannan.

Ƙura da tsatsa su kan shiga tsakanin fallayen sifirin. Da rani ƙura ta kan cika su. Da damina ruwa ya kan wanke ɗan man da ke ciki, tsatsa ta kama. Fallayen suna zamewa bisa juna, sai su yi ta ƙara.

Bushin ya kan bushe. Zafi da shekaru su kan sa roba ta yi tauri ta tsattsage. In ta cinye sarai, kusa ta kan taɓa ƙarfe.

Noti ya kan kwance. Gargada ba abin da ba ta sassautawa.

Shakazoba ta kan mutu. In manta ya tsiyaye, ba ta da sauran ƙarfi.

Mu fara da kunne

Kafin a taɓa sifana, a saurara tukuna. A sami hanyar da ba kowa, direba ya yi tafiya a hankali, mutum guda ya zauna a baya ya kasa kunne. Tambaya guda ce zai riƙe a ransa: yaushe kukan ya ke zuwa?

In kukan ya zo ne sa'ad da a ka taka birki, to, birki ne. A je a duba shi ran nan.

In wani gurnani ne mai ƙaruwa da gudu, ko a kan kwalta mai laushi, wannan ba sifirin ba ne. Mai yiwuwa boris ne na taya, ko kuwa tayar ce ta ci gefe guda.

In kuwa kukan ya zo ne sa'ad da a ka faɗa rami, ko a ka hau tudu, ko sa'ad da mutane ke hawa da sauka, to, muna kan hanya. Sifirin ne, ko bushin, ko shakazoba.

A lura kuma da irin ƙarar. Siririn kuka, ƙii-ƙii, alamar bushewa ce. Bugu mai nauyi, ƙwam-ƙwam, alama ce wani abu ya kwance ko ya karye. Bugu ya fi kuka haɗari.

Sa'an nan a fitar da abin da ba shi da laifi. Sau da yawa ƙyauren baya ne ke ƙara, ko safaya ba ta ɗauru ba, ko jak ne ke yawo, ko kuwa robar da ke riƙe da salansa ta tsinke. A sauke kaya duka, a ɗaure safaya, a sake saurarawa. Kada mu biya kuɗin sifirin alhali sakatar ƙyaure ce.

Kafin a leƙa ƙasa

A nan sai mu yi hankali ƙwarai. A tsai da mota a wuri mai tauri, wanda ba gangare ba. A kashe inji, a cire makulli, a ja birkin hannu. A sa waigi gaba da bayan taya. A jira salansa ta huce, don ta kan ƙona fata nan take.

Ga doka guda wadda ba a karyawa: kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba ne. In ya goce, ba wanda zai iya ɗaga mota da hannu kafin ta yi ɓarna. Bulo ma ba abin dogara ba ne, ya kan farfashe. Gwaje-gwajen da za mu faɗa yanzu duk a kan yi su mota tana tsaye bisa tayoyinta, mai dubawa yana tsugune a gefe.

Gwaji na fari: dannawa

Mutum biyu su kama kusurwar mota ta baya, su danna ƙasa da ƙarfi sau uku, su saki. Mota lafiyayya ta kan taso ta tsaya. In ta yi ta lilo sama da ƙasa fiye da sau biyu, shakazobar gefen nan ta gaji. A yi haka a dama, a yi a hagu. Motar kaya mai sifirin mai tauri ba ta dannuwa da sauƙi. In haka ne, mutum ya hau baya ya riƙa jijjiga ta.

Suna dannawa, na uku yana sauraro. Da haka za a san ko kukan na dama ne ko na hagu. In ya ɓuya, a ɗauki sanda busasshe, a ɗora kansa guda a jikin ƙarfen da a ke zargi, ɗaya kan a kunne. Sanda ya kan kawo ƙara sosai. Amma kada a sa yatsa tsakanin fallaye, ko kusa da ƙarfen nan mai lilo.

Gwaji na biyu: ido

A goge laka da tsumma, a duba da tocila. Mu nemi abu biyar. Ko akwai fallen da ya tsage ko ya goce daga layin 'yan'uwansa? Ko akwai jan gari kamar kunun kanwa ya bushe a bakin noti ko tsakanin fallaye? Wannan garin tsatsa ne, yana nuna wurin yana motsi. Ko robar bushin ta tsage, ko ta fito gefe? Ko jikin shakazoba ya jiƙe da mai, ƙura ta manne? Ko akwai wurin da ƙarfe ya yi ƙyalli don guga?

Sa'an nan a ja da baya, a dubi motar daga nesa. In ta karkata gefe guda alhali ba kaya a ciki, sifirin gefen nan ya kwanta ko ya karye.

Gwaji na uku: ruwan sabulu

Wannan dabara ba ta cin ko kwabo. A dama sabulu a ruwa, a zuba a gora, a huda murfin. A fesa a bushin guda ɗaya kaɗai, a danna mota. In kukan yana nan, a matsa zuwa na gaba. Inda a ka fesa kukan ya ɗauke, nan ne ciwon ya ke. Kada a jiƙa ko'ina gaba ɗaya, don in kukan ya tsaya ba za a san wanda ya yi shi ba. Mu tuna kuma, ruwan sabulu mai nuna wuri ne, ba magani ba ne. Da ya bushe kukan zai komo.

Magani

In ƙura ce tsakanin fallaye, a wanke su da ruwa sosai, a bari su bushe. Waɗansu sifirin suna da 'yan faifan roba a bakin fallaye. In sun cinye, makaniki ya sa sababbi. Manyan motoci da yawa suna da 'yan kawunan giris a kusoshin sifirin. Waɗannan a riƙa ɗura musu giris a kan kari.

Akwai kuskuren da a kan yi kullum, watau zuba baƙin mai a kan bushin. Kukan zai tsaya kwana kaɗan, amma man fetur da danginsa su kan kumbura roba su ruɓar da ita. Bushin da ya tsage ba shi da magani sai sabo. In makaniki ya sa sabo, ya bari sai an sauke mota bisa tayoyinta kafin ya ƙarasa ɗaure noti. In ya ɗaure tana rataye, robar za ta murɗe, ba za ta daɗe ba.

Shakazoba in ta mutu, a canja biyu tare, dama da hagu, don mota ta daidaita. Fallen sifirin da ya karye kuwa kada a kai shi wurin mai walda. Wutar walda ta kan ɓata ƙarfin ƙarfen, sai ya sake karyewa a wurin, watakila a tsakiyar daji da cikakken lodi. Araha ba ta ado.

Wanda ba ya jiran gobe

Kukan ƙura zai iya jira har a dawo daga kasuwa. Amma abu uku ba su jira. In babban falle na sama ya tsage. In notin da ke ɗaure sifirin da aksul ya kwance. In mota tana tafiya a karkace, bayanta bai bi sawun gabanta ba. A irin motocin nan sifirin ne ke riƙe aksul a wurinsa. In ya saki, aksul zai goce, mota ta ƙwace wa direba. In mun ga ɗaya daga cikin ukun nan, mu sauka, mu sauke kayanmu, mu jira wata motar. Gara a rasa ciniki da a rasa rai.

Laifinmu a ciki

Kada mu ɗora wa direba laifi duka. A-kori-kura irin su Hilux an yi ta ne ta ɗauki wajen tan 1, watau buhu 10 na masara masu kilo 100, kuma nauyin mutane yana cikin lissafin. Mu kuwa mu kan matsa a ƙara buhu, a ƙara akuya, mutane su hau bisa. In an cika lodi, sifirin ya kan miƙe sarai, bodi ya riƙa dukan aksul. Jaki ma in an yi masa haka, durƙushewa ya ke yi. In yaron mota ya ce ta cika, mu yarda.

Mu da mu ka iya karatu muna da abin yi a nan. Mu sayi ɗan littafi mu ajiye a mota. Duk ran da a ka ji sabon kuka, a rubuta kwanan wata, da gefen da ya ke, da lokacin da ya ke zuwa. Duk abin da a ka canja, a rubuta shi da kuɗinsa. In an je gareji, a karanta wa makaniki. Aikinsa zai yi sauri, mu kuma ba za mu biya kuɗin abu guda sau biyu ba. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Faɗi abubuwa huɗu da ke ƙarƙashin mota ta baya.
2. In kuka ya zo sa'ad da a ka taka birki, ina za a duba?
3. Don me ba a shiga ƙarƙashin motar da ke bisa jak?
4. Don me a ke fesa ruwan sabulu a wuri guda-guda?
5. Rubuta abu uku da za su sa mu sauka daga mota.
6. Mota tana ɗaukar kilo 1,000. An sa buhu 6 masu kilo 100. Kilo nawa ya rage?