Me ya sa ƙungiyar NBA ke rabuwa da tsohon gwarzonta? Labarin Boston da Paul Pierce

Yau ƙwallon kwando za mu taɓa, gasar NBA ta Amurka, kuma tambayar ita ce: ta yaya ƙungiya za ta ɗauki ɗan wasan da ya yi mata shekara 15, ya ci mata kofi, yara na yawo da rigarsa a gari, ta miƙa shi ga wata ƙungiya? Ga wanda ya saba da ƙwallon ƙafa, wannan butulci ne tsagwaronsa. Amma in kuka fahimci tsarin NBA, za ku ga lissafin da ke ciki. Ku biyo ni.

Bari mu fara da tsarin, don shi ne tushen komai.

Na farko, NBA ƙungiyoyi 30 ne, kowace na buga wasa 82 a kaka, kuma babu faɗawa rukunin gajiyayyu kamar a Firimiya. Ko ka zo na ƙarshe, baɗi kana nan.

Na biyu, matasan 'yan wasa ba sayensu ake yi ba, zaɓensu ake yi. Duk shekara a watan Yuni akwai ranar zaɓe, ƙungiyoyi na ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su suka fi samun damar ɗauka da wuri, bayan an jefa ƙuri'a. Wannan damar, mu kira ta tikitin zaɓe, kadara ce. Ana iya bayar da ita a musaya, har ta shekarun da ba su zo ba.

Na uku, akwai iyakar albashi. Wanda ya zarce wani mataki sai ya biya haraji mai nauyi. Kuma ba ka zuba dala miliyan 100 ka sayi tauraro. Musaya ake yi, ɗan wasa da ɗan wasa ko da tikiti, kuma galibi dole albashin masu fita da na masu shigowa su yi kusa da juna.

Na huɗu, yawancin 'yan wasa ba a neman izininsu. Kwantiragin ake musayarwa, mutum ya bi kwantiraginsa. 'Yan ƙalilan ne ke da sharaɗin cewa ba za a yi musayarsu ba sai sun yarda.

To, haɗa waɗannan huɗun. Wuri mafi muni a NBA shi ne tsakiya. Ba ka da ƙarfin cin kofi, kuma ba ka lalace yadda za ka samu tikitin sama ba. Tsohon gwarzo kuwa daidai nan yake ajiye ka. Zai ci maka wasa 40, ya kai ka zagayen farko na neman kofi, a fitar da ku, shekara ta ƙaru a kansa, darajarsa a kasuwa ta ragu.

Haka Boston Celtics ta tsinci kanta a 2013. Paul Pierce yana ƙungiyar tun 1998. Shi da Kevin Garnett da Ray Allen suka ci kofi a 2008, Pierce ne ma gwarzon wasannin ƙarshe. Amma zuwa 2013 Allen ya koma Miami, Rajon Rondo ya ji mummunan rauni a gwiwa, New York Knicks ta fitar da su a zagayen farko. Pierce na da shekara 35, Garnett 37. Shugaban harkokin wasa na ƙungiyar, Danny Ainge, zaɓi biyu ne a gabansa: ya bar su su tsufa a gida cikin mutunci, ko ya sayar tun akwai mai saye.

Mai saye kuwa yana nan. Brooklyn Nets, ta attajirin Rasha Mikhail Prokhorov, ba ta daɗe da ƙaura zuwa sabon filinta ba, kuma kofi take so yanzu-yanzu. A wajen irin wannan ƙungiya, da tsohuwar zuma ake magani. Aka ƙulla ciniki a bazarar 2013: Pierce da Garnett da Jason Terry suka tafi Brooklyn. Garnett na cikin masu sharaɗin nan da na faɗa, sai da ya amince tukuna. Boston ta karɓi 'yan wasa biyar, cikinsu har da Gerald Wallace da Kris Humphries, da tikitin zagayen farko na Brooklyn na 2014 da 2016 da 2018, da kuma ikon musanya tikiti a 2017.

Abu biyu a nan suna buƙatar bayani. Me ya sa Boston ta karɓi Wallace, wanda albashinsa ya fi wasansa nauyi a lokacin? Saboda dokar daidaita albashi. Ɗaukar wannan nauyin na cikin kuɗin da ta biya don ta samu tikitocin. Me ya sa kuma shekarun ke tsallake-tsallake? Akwai doka da ake kira dokar Stepien, sunan wani tsohon mai ƙungiyar Cleveland da ya yi ta rabar da tikitocinsa a farkon shekarun 1980. Ta hana ƙungiya bayar da tikitin zagayen farko na shekara biyu a jere masu zuwa. Sai ake zagaye ta da ikon musanya: kowa na riƙe da tikiti, amma in naka ya fi nawa kyau, na karɓe, in ba ka nawa.

Kun ga abin da Ainge ya saya a zahiri? Ya sayi makomar Brooklyn. Ya yi lissafin cewa tsofaffin nan ba za su daɗe ba, kuma ranar da Brooklyn ta faɗi, ladan faɗuwar Boston zai tafi.

Haka kuwa aka yi. Kakar farko Brooklyn ta ci wasa 44, ta biya harajin da ya haura dala miliyan 90, Miami ta fitar da ita a zagaye na biyu. Pierce ya yi shekara ɗaya tak ya wuce Washington. Garnett aka mayar da shi Minnesota a farkon 2015. Daga nan Brooklyn ta rushe: wasa 21 ta ci a kakar da ta ƙare 2016, sannan 20 a ta 2017. Tikitin 2016 ya zama na uku, Boston ta ɗauki Jaylen Brown. Na 2017 ya zama na ɗaya, Boston ta ba Philadelphia, ta sauko na uku, ta ɗauki Jayson Tatum. A 2024 waɗannan biyun suka jagoranci Boston ta doke Dallas, ta ɗaga kofinta na 18, Brown ya zama gwarzon wasannin ƙarshe.

Yanzu kada wani ya ce ai shi ke nan, a sayar da duk wani tsoho. A'a, a tsaya. Ku ƙirga daga 2013 zuwa 2024, shekara 11 ke nan. Kakar da ta biyo bayan cinikin, Boston wasa 25 kawai ta ci cikin 82, magoya baya suka haɗiye. Tikitin 2014 ya kawo James Young, bai yi tasiri ba. Na 2018 an ba Cleveland don a samu Kyrie Irving, wanda ya yi shekara biyu ya tafi. Shi kansa Ainge ya bar kujerarsa a 2021, kofin ya zo a bayansa.

Ga kuma ɗaya gefen, da Garnett ɗin dai. A 2007 Minnesota ce ke sake gini, ita ta ba Boston Garnett, ta karɓi 'yan wasa biyar da tikiti biyu. A takarda ciniki ne mai tsoka. Amma Minnesota ba ta sake shiga zagayen neman kofi ba sai 2018. A zaɓen 2009 tana riƙe da tikiti na biyar da na shida, ta ɗauki Ricky Rubio da Jonny Flynn. Wanda aka ɗauka na bakwai? Stephen Curry. Wato tikiti iri ne kawai. Sai an iya shuka, sai kuma damina ta yi kyau.

Saboda haka, in kuka ji ƙungiya mai sake gini na shirin rabuwa da tsohon tauraronta, ku yi tambaya uku. Shekararsa nawa, kuma lokacin da yaran ƙungiyar za su nuna, yana nan da ƙarfinsa? Me ake bayarwa, kuma tikitin wa ne, na ƙungiyar da za ta daɗe tana nasara ko na wadda ke dab da faɗuwa? Sannan wa zai yi zaɓen, idonsa na gani?

Akwai kuma abin da lissafi ba ya aunawa. Ɗan wasan mutum ne, yana da iyali, yara na makaranta, gari ya zama nasa. Hatta Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda ya yi wa Houston kaka 17 da kofi biyu, a Toronto ya ƙare wasansa bayan musayar 2001. Kuma sauran 'yan wasa na kallon yadda ka rabu da gwarzonka, su ma suna nasu lissafin. Boston ta gane haka. A 2017 Pierce ya dawo ya sa hannu a kwantiragin girmamawa don ya yi ritaya a matsayin ɗan Celtics, a 2018 kuma aka rataye lambarsa 34, ba mai ƙara sa ta.

A ganina, Ainge ya yi daidai, kuma babban abin da ya dace da shi shi ne lokaci. Da ya jinkirta shekara biyu, da babu mai ba shi tikiti uku a kan mutanen nan, da babu Brown, babu Tatum. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ƙungiyar da ta tsaya kunya har darajar gwarzonta ta ƙare, ta rasa shi, ta kuma rasa abin da za ta gina da shi.